Rasuwar Karsana, Wadda Ba Ta Natsuwa Sai da Kaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu yake laluben makulli a aljihu kowace safiya, ni Khalilu mai albasa na unguwar Jega Magaji, a madadin kaina da iyalina da maƙwabtanmu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Jega da Aliero da Maiyama rasuwar motarmu, Karsana. Ta cika ranar Talatar makon jiya, bayan la'asar, a ƙofar gidanmu, ƙarƙashin dogonyaron da ta saba kwana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambayi Malam Abdulhakim na makarantar allon bayanmu ko ya halatta a faɗi haka a kan ƙarfe, ya ce kowace irin asara aka yi ana faɗa, ko da igiyar takalmi ce ta tsinke. Saboda haka na faɗa, kuma ba zan daina faɗa ba.

Kafin komai ina da roƙo. Duk mai zuwa gaisuwa ya sassauta murya idan ya iso zaure. Mahaifiyata, Inna Balaraba, tana kwance a ɗakin da ke jikin zauren, ta daɗe ba ta taka ƙasa da ƙafarta ba, kuma wannan rashi nata ne kafin ya zama nawa. Wanda ya karanta zuwa ƙarshe zai gane dalili.

Marigayiya 'yar Kwatano ce. Ba mu san ainihin shekarunta ba, domin dillalin da ya haɗa mu ya rantse cewa wata tsohuwa ce kaɗai ta taɓa tuƙa ta, kuma duk Birnin Kebbi babu motar da bai yi wa wannan rantsuwar ba. Abin da muka sani shi ne, idan rana ta daki gefenta ana ganin inuwar hoton burodi a ƙarƙashin fenti, alamar ta yi aikin gidan burodi a wata ƙasa mai sanyi kafin Allah ya rubuta mata albasa.

Ranar da muka je ganinta mu uku ne: ni, da Maiwada bakanikenmu, da maƙwabcina Malam Kefas da ke koyarwa a sakandare. Na fita da saƙo biyu a kunnena. Kasuwa tana son motar da za ta kwaso albasa daga gonakin Aliero ba ta yi nishi ba. Matata Rahinatu kuma ta raka ni har zaure tana cewa ita dai mota take so wadda za a shiga da kayan biki a fito da mutunci, kada a kai 'ya'yanta makaranta a ɗauka kaya aka kawo.

Motoci uku muka tarar a jere. Ta farko ƙarama ce mai laushi, kana zama kujerarta sai hamma. Malam Kefas ya shiga ya ƙi fitowa. Amma da Maiwada ya dafa bayanta da hannu ɗaya sai ta rusuna masa kamar mai gaisuwa, ya ce wannan idan aka aza mata albasar gona guda, kafin a baro Aliero ta durƙusa. Ta biyu babba ce mai taya bibbiyu a baya, wadda za ta kwashe amfanin ƙauye guda ta nemi ƙari. Wallahi zuciyata ta so ta. Sai na tuna faɗin lungunmu, na tuna abin da za ta riƙa sha a gidan mai, na dubi tsawon matakinta na ga sai an sayo wa Inna tsani. Ta uku tana tsakani: fara, doguwa, kujerunta ana kwance su da sifana a mayar, sifirin bayanta kuwa mai ƙarfi ne, irin na masu ɗaukar kaya. Na ce ga wadda za ta ishi kasuwa ta ishi gida. Muka yi addu'a muka kamo hanya.

Ashe ban san halinta ba. Marigayiya, Allah ya sani, idan babu kaya a bayanta ba ta da natsuwa ko ta sisi. Ƙaramin rami za ta gani ta yi sama. Kafin mu iso Jega Malam Kefas ya buga kai da rufi har ya yi ƙulu, Maiwada ya ciji harshe, ni kuwa ina riƙe da sitiyari ina salati. Da Rahinatu ta gwada ta zuwa asibiti ta dawo, mayafi a karkace, sai ta ce ba mota na sayo ba, rariyar tankaɗe na sayo, kuma ta kwana biyu tana ajiye mini tuwo ba magana.

Sirrin ya fito ne ranar wani biki a Maiyama. Kowa ya shiga yana ɗar-ɗar, yara sun riƙe kujera tun ba a tashi ba. Sai ga Inna ta fito. A wancan lokacin Inna mace ce mai jiki, tubarkalla masha Allah, wadda idan ta zauna a tabarma babu mai cewa ta matsa. Ta wuce can baya, daidai kan tayoyi, ta ce bismillahi ta zauna. Sai muka ji motar ta ce ƙiiii, hum. Ta sauka ƙasa kaɗan, ta daidaita. Daga nan har Maiyama ko ruwan da ke cikin kofi bai zube ba. Da muka sauka Inna ta bubbuga gefenta ta ce, “Wagga ai karsana ta. In ba a aza mata kaya ba, ba ta natsuwa.” Suna ya zauna.

Ni ma a ranar na samu nawa. Ni ne ɗan farin Inna, ba ta kama sunana. Tun ina yaro da “kai” da “wanga” take lallaɓawa, wani lokaci idan ta kira ni sai kazar gida ta amsa. Da mota ta zo sai ta samu mafita, ta koma kirana Direba. Ina mai shaida muku cewa ban taɓa samun sarautar da ta kai wannan daɗi ba.

Tun daga lokacin doka ta kafu a gidanmu: ba a tafiyar iyali sai da Inna a baya. Idan ba za ta je ba, a sa buhun albasa a gurbinta. Yara kan tsaya a bakin ƙofa su tambaya, yau Inna ce ko buhu? Ita kuwa abin yana yi mata daɗi, takan ce buhu guda bai isa ya maye ta ba, sai dai ya riƙe mata wuri.

Marigayiya ta yi rayuwa biyu ba ta taɓa ƙorafi ba. Da sassafe a kwance kujerunta a jingine jikin dogonyaro, ta tafi Aliero ta dawo ciki cike da albasa har rufi, tana tafiya a hankali da girma. Da yamma a share ta, a wanke, a mayar da kujeru, Rahinatu ta shiga da kasko ta bi kowace kusurwa da turaren wuta. Turaren bai taɓa cin nasara ba. Duk gidan bikin da muka je, kafin a gan mu an san mun iso, har wata dattijuwa a Andarai ta taɓa cewa a duba kicin, miya ta kama. Mun ji kunya a farko, daga baya muka saba, ya zama ƙamshin gidanmu.

Ta kai mata masu naƙuda asibiti, biyu daga cikinsu ba su jira an isa ba. Ta ɗauko ragunan layya. Ta kai iyalin Malam Kefas tasha duk ƙarshen shekara da buhunan tsarabarsu, ta je ta taryo su idan sun dawo. Ta kai amare, ta kai majinyata, ta raka gawa. Ba ta taɓa tambayar fasinja daga ina ya fito ba, nauyinsa kawai take so.

Masu zumunci da ita za su tuna muryarta. Da asuba sai ta yi tari, kyak-kyak-kyak, sannan ta ce gurrrr, kuma rabin unguwa da wannan suke sanin lokacin ɗora koko ya yi. Ƙofar gefenta takan ce garararar, gam. Hon ɗinta a dishe yake, fiiim-fim, kamar mai mura. Sai kuma wancan ƙiiii, hum, da ba ta yi wa kowa shi sai Inna.

Ba za mu ɓoye ba, tana da nata rauni kamar kowa. Giyar baya sai an roƙe ta. Allurar mai ta tsaya a rabi tun shekarar da muka same ta, ko tanki ya cika ko ya bushe maganarta ɗaya ce. Duk wanda ta taɓa fesa wa ruwan kwata da damina, ko ta tura masa hayaƙi yana cikin farin yadi, ko ta tsorata masa akuya, ina roƙonsa don Allah ya yafe mata. Ba da gangan ba ne, ni ke riƙe da sitiyari.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi mini nauyi.

Da daminar bara Inna ta zame a wurin alwala, ƙashin ƙugunta ya karye. Muka cire kujerar tsakiya, muka shimfiɗa katifa daidai kan tayoyin baya, muka nufi Aliero wurin masu ɗori. Ranar mu huɗu muka ɗaga ta, muna haki. Karsana ta ce ƙiiii, hum, ta kai ta lafiya ko girgiza babu. Masu ɗori sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Suka ce a riƙa kawo ta ana dubawa, muka riƙa zuwa. Ƙashi ya kama, amma Inna ba ta tashi ba. Abinci ya fita ranta. Furar da take shanye ƙwarya guda sai ta kurɓa ta ture.

Mu da ke ganinta kullum ba mu lura ba. Karsana ce ta fara faɗa. Wata rana a hanyar Aliero ta taka ɗan rami ta yi sama, da Inna a ciki. Inna ta ce wash, ta damƙe hannun Rahinatu. Na yi fushi, na kai motar wurin Maiwada na ce sifirin ya lalace. Ya shiga ƙarƙashinta ya duba, ya fito ya ce lafiyarsa ƙalau. Na ce ƙarya ne, motar da ba ta taɓa tsalle da Inna ba? Ya tambaye ni dai, yanzu mu nawa ke ɗaga ta zuwa mota. Na buɗe baki zan ce huɗu, sai na tuna da safen nan ni kaɗai na ɗauko ta, kuma ban yi haki ba. Na zauna a kan wata tsohuwar taya a garejin na yi kuka, Maiwada ya juya baya yana neman sifanar da ke hannunsa.

Tafiya ta gaba sai na sa rabin buhu a bayan katifa, na lulluɓe da tabarma. Karsana ta natsu. Bayan 'yan makonni ta sake tsalle, na mayar da shi buhu guda. Da sanyi ya shigo, jikin Inna ya zama ko kan tsakuwa aka bi sai ta ji, na ƙara na biyu, ɗaya a kowane gefe, suna tokare ta kada ta mirgina. Idan ta tambaya sai in ce saƙo ne wani ya ba ni in kai masa. Na ɗauka na iya ƙarya. Ranar nan muna gab da shiga gari, gonaki hagu da dama duk albasa ce har inda ido ya tsaya, sai na ji muryarta daga baya.

“Direba.”

“Na'am, Inna.”

“Wane mahaukaci na ka aika albasa Aliero?”

Rahinatu ta toshe baki da mayafi. Inna ta yi dariya har ta sa ta tari, sannan ta ce, “Bar wahal da kanka. Na san ba mota ta lalace ba, ni na rage.” Daga ranar ta mayar da abin wasa. Duk safiyar tafiya sai ta tambaya buhu nawa aka sa mata, idan an faɗa ta ce to, ashe da sauranta. Ita tana dariya, ni ina kallon hanya ba na ganin ta sosai.

A cikin waɗannan watannin ne ita ma marigayiya ta fara nata ciwon. Tarin asuba ya yi tsawo. Hayaƙinta ya koma shuɗi. Ta riƙa shan baƙin mai kamar ruwa. Maiwada ya kara kunne a jikin inji ya daɗe yana saurare, ya ce dole a sauke shi a yi masa babban aiki, amma kayan sai an aiko da su daga nesa. Kafin nan, in ji shi, kwalta kawai, kusa kawai, a hankali kawai. Idan na kuskura na sa ta cikin yashi, in yi mata sallama tun daga gida. Ga albasa ta nuna ana shirin cira, kuma duk abin da gidanmu zai ci har wata shekara a bayan motar nan yake hawa. Na ce na ji, na kuma yi niyyar kiyayewa.

Sai saƙo ya zo daga Karaye, wani ƙauye da ke gaba da Maiyama. Yayar Inna, wadda muke kira Inna Babba, jiki ya yi tsanani. Idanunta sun daɗe da rufewa, kuma ba ta da magana sai ina Balaraba. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Rabonsu da juna tun kafin faɗuwar Inna. Da aka gaya mata ba ta yi kuka ba, ta dube ni ta ce, “Direba, kai ni Karaye.”

Hanyar Karaye kuwa, da an bar kwalta yashi ne da kwazazzabai. Na nemi dabara. Na ɗauko shatar wata mota daga tasha, muka kwantar da Inna a ciki, ko bakin lungu ba mu kai ba ta yi ƙarar da ban taɓa ji daga bakinta ba, muka dawo da ita tana zufa. Ƙananan motoci ba su da wurin kwanciya, manya kuma jijjiga. Duk Jega mota ɗaya ce ta san yadda ake ɗaukar Inna. Na tsaya a tsakar gida ina kallon ƙasa. Rahinatu, wadda ta fi kowa sanin abin da ke cikin buhun hatsinmu, wadda ta shekara da shekaru tana kiran motar nan rariya, ita ce ta kawo mini makulli ta sa a hannuna. Ta ce in kai ta, albasa ana sake shukawa.

Muka tashi ranar Talata da hantsi. Maiwada ya rufe gareji ya biyo mu da jarkokin ruwa da galan na baƙin mai, yana ta mita cewa shi ba ya cikin wannan ganganci, alhali shi ya fara shiga. Buhu biyu suna gefen Inna. Muka wuce Maiyama lafiya, muka sauka daga kwalta. Nan marigayiya ta nuna ko ita wace ce. Yashi ya kama ƙafafunta, ta yi gurnani ta fita. Allurar zafi ta haye ja, muka tsaya muka ba ta ruwa, ta huce, ta ci gaba. Wani sabon sauti ya fito daga cikinta, tak-tak-tak, wanda ya sa Maiwada ya daina mita ya koma salati. Amma ina rantsuwa da wanda raina ke hannunsa, duk ramukan hanyar nan ba ta yi tsalle ko sau ɗaya ba. Inna har barci ta yi.

Da muka isa ba a iya sauko da Inna ba, sai aka ɗauko Inna Babba aka shigo da ita cikin mota, aka zaunar da ita a kan ɗaya daga buhunan. Ta miƙa hannu tana lalube har ta kama damtsen ƙanwarta. Ta shafa, ta sake shafawa, ta bi har kafaɗa. Sai ta ce, “Balaraba, ina sauranki?”

Inna ta ce, “Ga shi nan kina zaune bisa.”

Tsofaffin nan suka fashe da dariya, dariyar ta juye kuka. Inna ta ce a ja musu ƙofa. Garararar, gam. Muka koma gindin wata tsamiya muka bar su. Abin da suka faɗa wa juna tsakaninsu ne da Allah, mu dai muna jiyo muryoyi suna tashi suna sauka, wani lokaci har da waƙar daka ta zamaninsu. Karsana tana tsaye a rana, ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashinta, ta riƙe su har suka gama yafe wa juna.

Da za mu dawo Maiwada ya ce ba ya jin za ta tashi. Na murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi tari, ta yi shiru. Na kifa goshina a kan sitiyari na ce mata Inna na ciki. Na sake murɗawa, ta kama. Haka muka taho a hankali, masu keke suna wuce mu, har muka hau kwalta, har muka ga Jega. Ta shiga lungunmu, ta haye kwalbatin bakin lungu ba ta girgiza ba, ta isa gindin dogonyaro. Ban kai hannu ga makulli ba. Ta ce gurr, gurr, tak. Shi ke nan.

Bayan mun shigar da Inna ɗaki Maiwada ya buɗe ta. Ruwa da mai sun haɗe, inji ya tsage. Ya shiga ƙarƙashi, ya tarar ƙashin bayanta ma ya rabe daidai inda sifirin ke kamawa, wurin da Inna ke kwanciya. Ya ce bai san a kan me ta kawo mu gida ba. Na ce ko a kai ta Aliero, garin da ba a mayar da karaya? Ya cire hula ya ce, Khalilu, sai haƙuri.

Ranar Alhamis da safe aka aiko cewa Allah ya yi wa Inna Babba rasuwa. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta. Ana karɓar gaisuwarta a Karaye, kuma waccan ita ce gaisuwa ta gaskiya. Wanda ba zai iya zuwa wuri biyu ba ya tafi can, ya yi mana wakilci, domin ƙanwarta ba ta da abin da zai kai ta.

Karsana ta rasu ta bar kujerar tsakiya, wadda ta tsira saboda tana jingine jikin dogonyaro tun damina, yanzu a kanta masu gaisuwa za su zauna. Ta bar safayar taya guda mai sanƙo, da jak, da makulli. Ta bar yara da yau suke tafiya makaranta a ƙasa suna waiwayen ta. Ta bar Malam Kefas, da har yanzu yake shafa inda ta yi masa ƙulu, wanda tun ranar Talata bai bar zaurena ba sai lokacin aiki. Ta bar Rahinatu, da ta fi kowa zaginta kuma ta fi kowa kuka. Ta bar albasa a gonakin Aliero tana jiran wanda zai kwaso ta, ban san ko wane ne ba. Ta bar ni, direba ba mota.

Ta kuma bar Inna. Na hana kowa gaya mata, na ce rashi ɗaya ya ishe ta a mako guda. Da yake batir bai mutu ba, kowace safiya sai in shiga in danna hon, fiiim-fim, kamar zan fita kasuwa, sannan in lallaɓa in bi ta bayan gida in tari kabu-kabu. Jiya na danna, ina fitowa sai na ji ta.

“Direba.”

Na shiga na durƙusa a bakin gado.

Ta ce, “Hon nika ji, ba ni jin tari. Yaushe Karsana ta taɓa yin hon ba ta yi tari ba?”

Na sunkuyar da kai.

“Ta riga ni ke nan,” in ji ta. Can ta tambayi ranar da za a kai ta, na faɗa mata. Ta ce, “Kada ku kai ta wayam. Tsalle za ta yi, mutane su yi mata dariya. Ku aza mata buhu wurina.” Sannan ta ɗora hannunta a kaina, hannun da yanzu ban jin nauyinsa, ta ce, “Kai kuma bar wanga kuka. Direba kake har yanzu, kana da sauran hwasinja guda. Ita ko ba ta son buhu, kahwaɗa ta ishe ta zuwa makwanci, ba za ta yi muku nauyi ba.”

Ga yadda aka tsara rakiya. Ranar Asabar mai zuwa da hantsi Rahinatu da yara za su wanke ta, a kewaya cikinta da turaren wuta karo na ƙarshe, ko da mun san ba zai ci nasara ba. Babu salla, babu likkafani, Malam Abdulhakim ya ja mini kunne a kan wannan, kuma na ji. Da yake motar da ke jan motoci ba ta shiga lungunmu, da hannu za a tura ta zuwa bakin titi. Malam Kefas ya ce shi ne a gaba, ana neman ƙarin majiya ƙarfi. Daga nan Maiwada zai ja ta da igiya, a bi ta kasuwar albasa a ɗan tsaya, abokan sana'a su gan ta. Sai a wuce filin masu sayen tsohon ƙarfe da ke bayan gari, inda za a ɗora ta a sikeli. Ita da ta yi shekaru tana gaya mana nauyin kowa, ranar za a auna nata. Ina roƙon duk wanda ya ga abin da sikelin ya nuna ya riƙe a cikinsa, ba na son ji.

Buhu biyu za a sa mata a baya, daidai kan tayoyi, kamar yadda Inna ta ce. Idan an isa a sauke su a raba wa mabuƙata sadaka, ladan ya kai ga Inna Babba.

Masu turawa, don girman Allah ku bi a hankali idan kun zo kwalbatin bakin lungu. Za a buɗe wa Inna taga ta gan ta tana wucewa, kuma ba na so ta ga ta yi tsalle.